Fadamar da Na Kashe da Fensir

Ku 'yan zamani da kuke tayar da ɗan jirgi maras matuƙi daga tafin hannu, ya yi ƙugi kamar zuma ya dawo muku da hoton gona a cikin waya, kun sha tambayata wai me muke yi haka da har ake tura mutum ƙasar waje koyon ɗaukar hoto daga sama. Wani cikinku ma ya ce mini yana dariya, "Baba Safiyo, ai danna maɓalli ne." To, danna maɓallin ne. Ni ma na danna shi shekara da shekaru. Amma sana'ar tana farawa ne bayan an danna.

Sunana Bello, haifaffen Sifawa. Mahaifina malamin allo ne, gonarsa kuma ta tudu ce, gero da wake, sai 'yar dawa a kwari. Damina muke nomawa, da rani mu yi karatu. Ban taɓa jan jigon ban ruwa ba, ban taɓa dasa albasa ba, a miya kawai na san ta. Daga makarantar boko aka ɗauke ni ofishin safiyo, wato awon ƙasa, a Kaduna, can aka haɗa ni da Malam Audu, wani tsohon soja da ya ƙare rayuwarsa a ɗakin wanke hoto.

Aikin farko da ya ba ni shi ne naɗe fim a cikin duhu. Kada ku tuna da ɗan fim na masu hoton biki. Namu faɗinsa ya kai taki guda, tsawonsa kuwa in an warware ya fi igiyar guga ta rijiya mai zurfi. Ya ba ni wani lalatacce ya ce in naɗa in warware, in naɗa in warware, ba fitila. Wata uku ina wannan. Idan ya kunna wuta ya ga shatin yatsana a jiki, sai ya ce, "Bello, ka ga wannan tabon? Ƙauye guda ne ka danne da babban yatsa. Ka je ka ba su haƙuri." Sai da na daina danne ƙauyuka sannan ya bar ni na taɓa fim mai rai.

Bayan haka ya zaunar da ni gaban madubi mai ido biyu. Hotuna biyu ake jerawa na wuri ɗaya, wanda jirgi ya ɗauka yanzu da wanda ya ɗauka bayan ya ɗan matsa, kowane ido ya kalli nasa. Kwana takwas ina kallo ban ga komai ba sai ciwon kai. Rana ta tara, ina shirin tashi, sai ƙasa ta kumbura ta taso mini. Dutse ya miƙe, kwari ya lotsa, itatuwa suka tsaya da ƙafarsu har na kai hannu zan taɓa. Malam Audu bai ko juyo ba, ya ce, "Ta tashi ko? To yanzu ka fara zama mutum."

Kyamarar da ta zama abokiyar aikina sai a ƙasar Holan na fara ganinta, inda aka tura ni kwas. Akwati ce baƙa, mutum biyu ke ɗaga ta, tana da idanu huɗu a ƙasanta. Kowane ido an toshe shi da gilashin da ke tace haske. Na farko shuɗi kawai yake bari ya wuce, na biyu kore, na uku ja. Na huɗu kuwa wani haske yake kamawa da idon ɗan Adam ba ya gani, infared ake ce masa. In ka danna sau ɗaya, hoto huɗu ne ke zama a kan fim, duka fari da baƙi. Sai an wanke an ɗora su a kan wata na'ura mai fitilu huɗu, an haɗa su wuri ɗaya a kan allo, sannan launi ke fitowa. Kuma launin ba irin na duniya ba ne. Ganye mai rai, wanda ya ƙoshi da ruwa, yana mayar da hasken nan na huɗu da ƙarfi, saboda haka a allo ja wur yake fitowa kamar an yanka rago. Ganyen da ke jin ƙishirwa jansa yakan kode tun kafin mai gona ya lura. Wanda ya bushe kuwa toka-toka yake zama, ya saje da ƙasa.

Kusa da ita akwai ƙaramar na'ura da Turawa ke kira sifektiromita, mu muna ce mata ma'auni. Ita ba ta ɗaukar hoto. Hasken da ke tasowa daga ƙasa take aunawa, wata allura tana zana layi a kan doguwar takarda. In muka bi ta kan lambu mai kyau allurar ta yi tsalle, in muka bi ta kan faƙo ta kwanta. Kafin mu tashi sai na shimfiɗa ƙyallaye uku a filin jirgi, fari da toka da baƙi, mu bi ta kansu don a daidaita ta da ranar wannan yinin. Ranar Sakkwato ba ranar Holan ba ce, in ka yi sakaci sai komai ya fito fari fat.

Tashin kansa ba daɗi. Jirgin ƙarami ne, an huda cikinsa an zaunar da kyamara a ramin, ni kuma ina durƙushe a kanta ina leƙen ƙasa ta wani bututu. Daga hantsi zuwa azahar kawai ake aiki, don da safe da yamma inuwa takan yi tsawo ta rufe gonaki. Wannan kuwa shi ne lokacin da iska mai zafi ke tasowa daga ƙasa tana wurgi da jirgi kamar ana sheƙar gero. Matuƙinmu wani Bature ne da muke kira Dogo. Aikinsa ya miƙe layi, nawa in tabbatar kowane hoto ya hau kan fiye da rabin na bayansa. In iska ta ture mu gefe, sai in buga masa ƙafa a kujera, ya zage ni da yarensu, in rama da Fillanci, mu juya mu sake layin. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai bayan kwanaki. In ka yi kuskure a sama, a ɗakin duhu za ka sani, lokacin jirgi ya riga ya tafi wani aikin.

Na yi wannan aiki a wurare da dama. Na yi a Jazira ta ƙasar Sudan, kan gonakin auduga, inda na gyara Larabcina. Na yi a kan shinkafar Mali, na yi a Nijar wajen Dosso da Gaya, da Faransanci da ɗan Zabarmanci. Jazira ce ta fi shiga kaina. Can gonaki a miƙe suke kamar layin littafi, hukuma ke faɗin ranar shuka, kowa ya shuka mako ɗaya, ya cire mako ɗaya. Saboda haka in ka ga fili ɗaya ya yi toka a tsakiyar ja, ba sai ka tambayi kowa ba: ko ruwa bai kai ba, ko tsutsa ta shiga. A Holan ma haka ne. Idona ya saba da wannan karatu har na ɗauka shi ne karatun ko'ina. Da shi na dawo gida lokacin mulkin farar hula na biyu, ina jin harshe biyar, ina ganin ba wanda zai koya mini ƙasar da aka binne cibiyata.

Aikin da aka dawo da ni dominsa na rijiyoyin burtsatse ne, ƙanana, na noman rani, kowace da injin ban ruwa. Injin haƙa guda ɗaya aka kawo wa yankin Bodinga da Shagari, kuma kowa ya san ba zai kai ko'ina ba. Dole a zaɓi fadamun da ruwansu ke kusa. Dabarar da aka tsara mai sauƙi ce: a tashi da jirgi can cikin rani, duk fadamar da har lokacin take ja, to akwai ruwa a ƙarƙashinta, wadda ta yi toka a tsallake ta. Ni aka ba ɗaukar hoton, ni aka ba karanta shi, ni zan zana taswirar da mai haƙa zai bi.

Mun tashi daga Sakkwato wata Talata, sama garau. Muka bi layi daga wajen Bodinga muka gangara kudu, muka juyo ta kan Lambara, muka sake gangarawa. Fim ya fito tsaf, ban taɓa wanke wanda ya fi shi kyau ba. A kan allo fadamu suka jeru kamar jijiyoyin jini. Amma bayan Lambara akwai wata fadama ta wani ƙaramin ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, mu ce Tunga. Ita toka-toka ta fito daga wannan baki zuwa wancan. Ina ganin shatin komaye, wato fangalin dashe, a jere, an gyara su da kyau, amma abin da ke cikinsu ya bushe ƙurmus. Na jawo takardar ma'auni na duba daidai wurin, allura a kwance take. Na ce a raina, waɗannan bayin Allah sun dasa, ruwa ya yanke musu, amfanin ya mutu a tsaye. Na ɗauki fensir na zagaye ta, na rubuta alamar da muke sa wa fadamar da ba ta da ruwa, na ƙara 'yan kalmomi a gefe.

Ƙa'idar aikin ita ce bayan an karanta hoto a bi ƙasa a gani da ido. Na rubuta wurare da dama da zan je, har da Tunga. Amma lokacin zaɓe ya gabato, motar ofis kullum tana wajen yawon kamfe, sai a ba ni ita yini guda a karɓe. A yinin da na samu na duba wuraren da ke bakin titi, duka suka yi daidai da hoto. Tunga sai an ratsa yashi. Na ce tun da tara sun yi daidai, ta goma ma haka take.

Sai ku san irin mutanen da ke zuwa ofishinmu na Bodinga a lokacin. Kowa ya ji an ce akwai wani ɗan Sifawa da ke raba rijiyoyi da fensir. Wannan ya zo da takardar wani babba, wancan ya zo da gaisuwar uban ƙasa. Wani ɗan siyasa ya aiko mini da rago har gida, na sa aka mayar. Abin da nake faɗa wa kowa ɗaya ne: hoto ba shi da jam'iyya, ba shi da dangi. Ina jin daɗin faɗar haka ƙwarai. A zamanin da ake raba komai da sanayya, ni ina da abin da ba ya karɓar gaisuwa.

Washegarin mayar da ragon ne wani dattijo ya yi sallama a ƙofar ofis. Gajere, baƙi, tafin hannunsa kamar bayan itace. Ya sauke buhu daga kan jaki ya jawo shi har gaban teburina. Ya ce shi ne Haliru, Sarkin Noman Tunga.

"Kai na ɗan Malam na Sihwawa?"

"Ni ne, Baba. Sannu da hanya."

"An ce kai ka rabon rijiyoyi."

"Ba ni ke rabawa ba, Baba. Hoto ne."

"To ina hoton shike, in gaishe shi?"

Masinjan ofis ya yi dariya, ni ban yi ba. Na buɗe taswira na nuna masa zagayen fensir, na ce na'ura ta nuna fadamarsu ba ruwa.

"Ba ruwa? Mu da muka gina gaba biyu, tsayin mutum biyu, mu ishe ruwa? Ɗana, wagga na'ura taku ta taɓa shan ruwan Tunga?"

"Daga sama take gani, Baba. Tana ganin abin da ni da kai ba mu gani."

"Awo. To taho ka ga abin da ni da kai muka gani. Ba nisa. In ba mota, ga jaki."

Na ce ba ni da lokaci. Sai ya dafa buhun ya fara kwance bakinsa. Ya ce, "To buɗe wanga ka diba."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, ɗaure kayanka. Nan ba a karɓar komai. Jiya rago na mayar, balle buhu."

Ya dube ni. Ya ce, "Ni ban ce ka ci ba, ɗana. Cewa niy yi ka diba."

Ban duba ba. Na sa masinja ya taya shi ɗora buhun a kan jaki. Da zai fita ya ce in gaida Malam, sun taɓa haɗuwa wajen wata jana'iza. A makon nan na sa hannu a taswira, aka aika da ita Turai aka buga.

Ba zan ce taswirar ƙarya ce duka ba. Yawancinta daidai ne. An haƙa rijiyoyi a fadamun da suka yi ja, da yawansu sun ba da ruwa, akwai ma wata ta wajen Horo Birni da har yau ake cin moriyarta. Mai haƙa ya bi zanena ƙauye bayan ƙauye. Da ya zo daidai mararrabar Tunga ya wuce.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Tun kafin soja su karɓi mulki an shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya daga waje ya zama sai da takardar izini, takardar kuwa ba ta zuwa kan irinmu. Fim ɗin infared ba ya son zafi, a firji yake kwana. Wuta ta riƙa ɗaukewa kwana biyu, kwana uku, janareto ba mai. Na riƙa naɗe gwangwanayen fim ɗin da jiƙaƙƙen buhu ina sa su cikin randa kamar mai ajiyar goro. Bai hana ba. Naɗin ƙarshe da muka tashi da shi ya fito dishi-dishi, ba ja ba toka. Dogo ya ɗauki jirginsa ya tafi wata ƙasa. Aka sa kyamara da ma'auni a akwati aka kulle a sito. Sannan damina ta zo ta yi gardama. Ruwa ya yi latti, ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa. Wanda ya ga shekarar nan ba ya son a tuna masa.

Da ba jirgi, sai aka ba ni babur aka ce in riƙa zagaya rijiyoyin da aka haƙa ina rubuta zurfin ruwansu. Wata rana da rani, ina dawowa daga wata rijiya bayan Lambara, na ɓata hanya na faɗa wata turba mai yashi. Ina tura babur sai na fito bakin wani ƙauye. Abin da na fara gani rudu ne, wato rumfunan kara da ake ɗagawa bisa ƙasa a yi musu jinka don ajiyar albasa. Na ga rudu a ƙauyuka da yawa, amma ba sa wuce biyar ko shida a gari. Nan kuwa jere suke kamar unguwa guda, sun fi ɗakunan kwanan garin yawa. Duka wayam.

Na gangara fadama. Komaye suna nan, ba ko tsinke a ciki, sai wani ɗan gefe da aka dasa ya ƙi girma. Sandunan jigo suna tsaye, gugansu a rataye. Mutane huɗu sun kewaye wani rami suna jawo ƙasa da kwando. Na yi sallama. Daga cikin ramin wata murya ta amsa, aka jawo mai ita da igiya, jikinsa duk laka. Haliru ne.

"A'a! Mai hoto! Yau ƙasa kab biyo? Ina jirgin?"

"Ya tafi, Baba."

"Ya tahi ya bar ka? Ai ko bai kyauta ba."

Ya ce wannan ce rijiya ta bakwai da suka gina a ranin. Ruwa ya gudu ƙasa, in suka bi shi suka kai ga yashi sai bango ya rufto. Jiya saura kaɗan ya binne ƙanensa. Ruwan yana nan, suna jin sanyinsa a ƙafa, amma ba mai kai gare shi sai bututun ƙarfe.

Muka zauna gindin wata tsamiya. Na tambaye shi rudun nan duka na mene ne, a garin da albasarsa ke mutuwa a kome.

"Mutuwa? Yaushe tam mutu?"

Na gaya masa abin da na gani a hoto shekara biyu da suka wuce, komaye a jere, ganye a bushe.

Ya juya ga sauran. "Kun ji? Wai mutuwa tay yi." Ba wanda ya yi dariya. Ya juyo gare ni ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa baƙo.

Su mutanen Tunga tun kakanni ba sa jiran kowa. Tun damina ba ta gama ɗaukewa ba suke yafa iri, su riga duk ƙasar dashe. Saboda haka lokacin da albasar wasu ke tsakiyar ganye, tasu ta riga ta yi kai. In ta yi kai kuwa, sai a yanke mata ruwa gaba ɗaya kamar mako biyu, a shiga kome a taka lawashin ya kwanta, wuyanta ya bushe ya rufe. In ba a yi haka ba, da ruwa a wuya za ta shiga rudu, ta ruɓe kafin damina. Wadda aka yi wa haka kuwa sai ta kai wata shida tana nan garau, lokacin da babu ita a kasuwa. Abin da ake sanin Tunga da shi ke nan.

"Ranad da jirginku yaw wuce muna cikin takawa," in ji shi. "Talata ta. Sau shidda kunka bi ta kanmu. Mata har guɗa sunka yi. Mun ce to, bana gwamnati ta ga albasa da idonta."

Na tambaye shi abin da ke cikin buhun nan da ya kawo ofis, ko da yake na riga na sani.

"Ita ta. Na zaɓo manya-manya, in ce maka wadda ba ta sha ruwa ba ba ta yin haka."

A Jazira da na ga toka na san ƙishirwa ce, don ba wanda ke da ikon riga maƙwabcinsa. A nan kowa da kalandarsa a kai. Fadamun da suka fi ja a hotona, wasunsu na waɗanda suka yi lattin dashe ne. Wadda ta fi kowace ruwa da iya noma ita ce ta yi toka, don ta riga kowa gamawa. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ganyen a bushe yake. Ita dai ba ta san bambancin abin da ya mutu da abin da ya nuna ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. Nawa ne.

Da na koma na nemo hotunan a sito na sa su ƙarƙashin madubi mai ido biyu. Komai yana nan. Ga rudun, waɗanda na ɗauka rumbunan hatsi ne. Ga turbar jakuna ta yi fari tsakanin fadama da rudu saboda yawan bi. Ga bakunan rijiyoyi baƙi ƙirin, alamar ruwa a kusa. Da na sa gilashin ƙara girma har na ga ɗigo-ɗigo a jere cikin wasu komaye, kowane da 'yar inuwarsa. Mutane ne. Da farko launin kawai na kalla, da ya ba ni amsa na daina kallo.

Na rubuta takarda zuwa babban ofis na bayyana kuskuren, na sa sunana. Ba amsa. Na sake rubutawa, na bi ta da ƙafa har Sakkwato. Sabon shugaban sashen ya saurare ni da kyau, mutumin kirki ne. Ya ce injin haƙa ya lalace tun bara, kayan gyaransa sai daga waje. Ya ce ko da an gyara, akwai jerin ƙauyukan da taswira ta amince da su ba a kai gare su ba, ba zai tsallake su ya je inda taswira ta hana ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na zana taswirar."

Ya ce, "Na sani, Malam Bello. Amma yanzu ta fi ƙarfinka. An buga ta, an raba wa ma'aikatu, masu ba da tallafi na waje ma ita ke hannunsu. In kana so a canja sai a sake tashi da jirgi."

Ba jirgi, ba fim. Ya san haka, na sani.

Na ɗauki mako uku kafin na koma Tunga. Na tarar ana kwance rudu. Karan za a ƙona, itacen a sayar. 'Ya'yan Haliru biyu sun riga sun yi kudu neman aikin dako, shi kuma zai kwashi sauran iyali su koma wajen surukansa can bakin gulbi, inda aka ce za a ara masa ɗan wuri. Gida biyar sun riga shi tashi. Na same shi yana ɗaure irin albasa cikin wani tsumma, yana sa shi a aljihun ciki.

Na gaya masa yadda muka yi a Sakkwato, ban rage komai ba. Ya ji har ƙarshe. Ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ah alheri." Sannan ya nuna jakar da ke bayan babur. "Takardar tana nan?"

Na ciro taswirar na shimfiɗa a kan sirdi. Ya ce in nuna masa Tunga. Na nuna. Ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a wurin, da Hausa. Na karanta: fadama maras ruwa, an gwada noma ya faskara.

"Ya hwaskara," ya maimaita. Ya sa yatsa a kan zagayen. "Ɗana, rijiya ta wuce, na haƙura da ita. Amma wanga ka gyara shi. Takarda ta hi mutum daɗewa. Kar wata rana jikana ya yi boko ya ishe an rubuta kakanninai ba su iya noma ba."

Na ciro jan fensir daga aljihu. A gabansa na soke rubutun, na rubuta a gefe: ruwa a gaba biyu, albasa mafi kyau a yankin, ana riga kowa dashe. Na sa hannu. Ya ce in karanta, na karanta. Ya ce in sake, na sake. Ya gyaɗa kai, ya ce madalla, yanzu an yi daidai, ya miƙa mini hannu muka yi sallama.

Bai tambaye ni guda nawa aka buga ba, ni ma ban faɗa masa ba. Wadda ke kan sirdin babur ɗina ita kaɗai aka taɓa gyarawa.